Hayaƙin Gangar Mista Makfel

Ranar Asabar da hantsi aka tsinci gawar wani Bagirke a ɗakin baƙi na gidan Mista Makfel, a unguwar Baghdadiyya ta birnin Jidda. Yana kwance ruf da ciki tsakanin gado da ƙofa, hannu ɗaya a miƙe, da alama laluben hanyar fita ya yi ta yi bai samu ba. Ba jini, ba rauni. Mai gidan kuwa, Baturen da ke shugabantar wani kamfanin jiragen ruwa, tun da sassafe aka kwashe shi zuwa asibiti yana tambayar wa ya rufe tagogi, alhali rana ta cika ɗakin fal.

Arif Abdulghani Usuman ya iso tare da shugabansa, Mulazim Sa'ad. Arif ƙaramin muƙami ne na 'yan sanda, kofur ke nan a wajenmu, amma duk maganar da ta shafi Takari, wato 'yan'uwanmu da hajji ya kawo iyayensu suka zauna, Abdulghani ake turawa. A unguwar Ammariyya aka haife shi, Hausa da Larabci duk a bakinsa suke. Ma'aikatan gidan nan uku kuwa duk Hausawa ne: kuku, direba, da sufraji mai hidimar tebur.

Likitan gwamnati bai daɗe a kan gawar ba. Ya ɗaga fatar idon, ya sunkuya ya shinshina bakin, ya miƙe yana goge hannu.

"Sibirtu ne," in ji shi. "Irin wanda kafintoci ke narka fenti da shi. Da ido yake farawa, sannan ya ɗauki rai. Me suka sha?"

Kowa ya kawar da kai, don shekara goma da 'yan kai ke nan da aka hana shigo da giya ƙasar nan, har ga Turawa, kuma abin da aka hana ai babu shi. Sai da aka buɗe siton kicin a bayan gida, aka ɗaga buhunan albasa, sannan abin da babu shi ya bayyana. Wata 'yar gangar katako ce mai ɗamarar ƙarfe, wadda mutum ɗaya zai iya runguma ya ɗauka.

Labarin bai yi wuyar haɗuwa ba. An shigo da gangar daga tashar jirgi cikin akwatunan kayan inji. Wani sabon wiski ne da aka aiko wa Makfel daga ƙasarsu, shi kuwa a cikin Turawan Jidda ya yi suna wajen ɗanɗana giya ya yanke mata hukunci. Ya bar ta ta huta daga jijjigar teku kusan mako biyu, ranar Alhamis da yamma ya tara abokai aka buɗe. Waɗanda suka ɗan taɓa sun tsira da ciwon kai. Bagirken, wani injiniya mai suna Sitabros, ya sha ya ƙara har ya kasa komawa gida. Da ya wuni kwance ranar Juma'a, aka ce ai gajiyar maye ce, za ta sake shi.

Likita ya zuba kaɗan daga gangar a kofi ya ɗaga wa haske. Ya ce wannan ba wiski ba ne, giyar ɓoye ce da ake dafawa a bayan gari, wadda ake kira sadiƙi, an ƙara mata auki da sibirtu, an rina ta da ƙonannen sukari. Wani ya zuƙe na gaskiyar ya mayar da wannan.

Mulazim Sa'ad mutum ne mai son aiki ya ƙare kafin azahar. Ya tambayi wa ke riƙe da mabuɗin sito, aka ce kuku. Ya leƙa kicin, ya ga kasko da ragowar ƙonannen sukari. Ya ce kuku ya kawo iƙamarsa, wato takardar izinin zama, kuku ya sunkuyar da kai.

"Halas," in ji Mulazim. "Ku tafi da shi."

Aka fito da tsoho Husaini yana share hannu a jikin riga, ko takalmi bai tsaya sa wa ba. Sufrajin gidan yana tsaye a bakin baranda cikin farar jallabiya, da idonsu ya haɗu da na Abdulghani sai ya ɗan rausayar da kai irin na tausayi. Wannan shi ne Rafi'u, kuma ba baƙo ba ne ga Arif. Mahaifiyar Abdulghani ta rasu yana cikin tsumma, maƙwabciyarsu Inna Dela ta ɗauke shi ta shayar da shi tare da ɗanta Rafi'u. Ɗaki ɗaya suka tashi, bulala ɗaya suka sha a makarantar allo. Bayanin Rafi'u gajere ne: shi ya ɗebo giyar a butar gilashi kamar yadda aka umarce shi, ya zuba wa baƙi, ya wanke kofuna. Abdulghani ya rubuta bai ƙara tambaya ba.

A ɗakin tsare mutane na markaz, wato ofishin 'yan sanda, ya sami Husaini zaune a ƙasa. Mutumin Katagum ne, a ƙafa ya fito, ya yi shekaru a Sudan yana dafa wa Turawan jirgin ƙasa abinci kafin ya tsallako teku ya yi hajji ya maƙale.

"Alhaji, wa ya taɓa gangar nan?"

"Ranka ya daɗe, ni ko kallonta ba na son yi. Ranar da aka shigo da ita na ce a raba min ita da abinci, hawaja, Baturen nan namu, ya yi dariya. Buhu na rufa mata."

"Mabuɗin fa?"

"Yana wuyana kullum, sai dai Juma'a. Ba na shiga masallaci da mabuɗin ɗakin da wannan abu yake. A ƙusa nake rataye shi, bayan ƙofar kicin."

"Wa ya san da haka?"

"Duk gidan."

"Ƙonannen sukarin da ke kasko?"

"Na abin zaƙin da hawaja ke ci bayan abinci ne, ƙwai da madara. Ba a raba kicin ɗina da shi." Ya ɗago ya dubi Abdulghani. "Ɗana, gaya min gaskiya. Sare ni za su yi?"

Abdulghani ya san amsar. Ofishin jakadancin mamacin ya riga ya fara buga waya, Mulazim ya ce kafin mako ya fita zai miƙa wa alƙali magana a kan kisa da guba. Baƙo marar iƙama, marar dangi, marar kafilin da zai tsaya masa tun da kafilin na kwance a asibiti, ba a sha wahalar shafa masa kashin kaji. Da Arif ya fito ya ga wata dattijuwa zaune a gindin katangar markaz da faifan gyaɗa a gabanta, ba ta talla, ƙofa kawai take kallo. Aka ce masa Barakatu ce, matar kukun, daga unguwar Bab Makka ta taso. Ya wuce ta da sauri don kada ta tambaye shi abin da mijinta ya tambaya.

Washegari ya koma Baghdadiyya neman direba, wanda tun jiya ba a gan shi sosai ba. Idris haifaffen Sudan ne, shi ya ɗauko gangar daga tasha, don haka ya san abin da ke ciki tun kafin kowa. Abdulghani ya same shi a ɗakinsa na bayan gareji, tagar a toshe da bargo, ya ɗaure ido da jiƙaƙƙen ƙyalle.

"Lafiya, Idris?"

"Ciwon kai ne, ya Arif. Rana ce ta doke ni."

Abdulghani ya yaye bargon. Idris ya dafe fuska ya yi ƙara. Arif ya ɗaga hannu a gabansa ya ce ya faɗi yatsu nawa ne, Idris ya yi ta ƙifta ido, ya ce yana ganin kamar ana yayyafa gari a ɗakin.

"Ka sha."

"Wallahi ban..."

"Kar ka rantse. Ka sha."

Idris ya fashe da kuka kamar yaro. Ya ce ragowar kofuna ce, ya tarar da su a tire bakin famfo kafin a wanke, ya haɗa ya shanye. Tun ranar da ya ɗauko gangar yake jin hawaja na kambama ta, ransa ya biya. Yanzu kuma tsoron bulala ya hana shi zuwa asibiti, ya gwammace ya zauna a duhu yana jiran abin ya wuce.

"Bulala takan warke, ido ba ya dawowa," in ji Abdulghani. "Yalla, tashi."

Da kansa ya sa shi a mota. A hanya ya cire Idris daga lissafi. Wanda ya zuƙe na gaskiya ya san abin da ya bari a gangar, ba zai bi bayan baƙi yana lasar kofuna ba.

A asibitin ne ya nemi ganin Makfel. Abin ya dame shi ƙwarai, don shi tun da yake ko warin giya bai taɓa tsayawa ya shaƙa ba, ga shi yau ran mutum ya rataya a kan ɗanɗanon abin da ba zai iya kai wa bakinsa ba. Dole ya ari harshen wani. Baturen yana kwance da bandeji a ido, babban mutum mai jar fuska, ya yi zaman birnin Adan shekaru da yawa, Larabcinsa ya fi na wasu 'yan sanda.

"Ina so ka kwatanta min abin da ka sha, kamar yadda ka kwatanta wa abokanka."

Makfel ya yi murmushin da ba daɗi a cikinsa.

"Ka zo jin hukuncin gwani ke nan. To saurara. Abin da aka aiko min ba na gida ɗaya ba ne. An ɗebo daga gidajen dafawa da dama, duk na tsiron sha'ir zalla, aka gauraya, aka zuba a gangar icen balluɗ ya shekara da shekaru. Icen ne ke ba shi launi da zaƙi. Ɗaya daga cikin gidajen yana busar da sha'irinsa a kan hayaƙin wata baƙar ƙasa da muke ƙonawa, shi ya sa na yi ta gaya wa mutane cewa za su ji hayaƙi a ciki. Hayaƙin nan shi ne abin alfaharina."

"Da aka zuba fa?"

"Launi kamar zuma. A hanci ya yi zafi fiye da zatona, na ce sabon haɗi ne, bai gama kwanciya ba. A harshe zaƙi, mai ɗan ƙauri. Sai hayaƙin ya biyo baya. Ba irin namu ba ne. Namu yana da nauyi, warin ƙasa da kwalta. Wannan mai tsabta ne, mai sanyi, kamar ƙaron itace, kamar turaren majami'a. Na miƙe tsaye da kofi a hannu na ce musu ban taɓa shan irinsa ba, icen gangar ne ya yi wannan aiki. Sitabros bai san komai game da wiski ba, ni ya yarda da ni. Duk yabon da na yi sai ya miƙa kofi a ƙara masa."

"A ina ka riƙa yin maganar hayaƙin, kafin ranar?"

"A tebur. Duk wanda ya zo cin abinci sai da na cika masa kunne."

"Da wane harshe?"

"Da namu mana."

Abdulghani ya fito bai san inda zai sa wannan bayani ba. Ƙonannen sukari ya bayyana launi da zaƙi, sibirtu ya bayyana zafi. Hayaƙin ne bai da uba. Sadiƙi ba ta da hayaƙi, haka likita ya tabbatar masa. Wani ne ya sa shi da gangan.

Rana ta take, zafin Jidda mai ɗanko ya manne masa kaki a baya. Ya bi ta Ammariyya, kamar yadda ya saba in aiki ya kawo shi kusa, ya shiga gidan Inna Dela. Tana zaune a tsakar gida tana tsince shinkafa, ta tsufa amma bakinta bai tsufa ba.

"Ka tuna da mu yau? Dubi yadda ka rame, kamar gwamnati ba ta ciyar da ku. Zauna."

Ta sauko da sharba, wato butar ƙasa mai dogon wuya, daga kan taga, ta tsiyaya masa ruwa. Ya kai kofin baki, kafin ruwan ya taɓa harshensa ƙamshin ya riga ya shiga hancinsa, sai hannunsa ya tsaya. Kowace mace haifaffiyar Jidda ta san wannan aiki. In an wanke sharba ko randa, sai a jefa ƙwayar mustaka a kan garwashi, a kife butar a kai har ta cika da hayaƙi, sannan a zuba ruwa. Mustaka ƙaro ne. Tun yana rarrafe yake shan ruwan nan, shi ya sa bai taɓa jin cewa yana da wani ƙamshi ba sai yau.

"Ruwan ya yi wani abu ne?" in ji Inna.

"A'a, Inna. Ki ara min 'yar sharbar nan, zan dawo da ita."

Bayan la'asar yana tsaye a gefen gadon Makfel. Bai yi masa bayani ba, ya sa masa kofi a hannu ya ce ruwa ne zalla, ya kurɓa. Baturen ya shinshina, ya kurɓa, ya juya ruwan a baki irin na masu sana'arsa. Sai ya ɗago kai.

"Shi ne. Wannan ne hayaƙin. A ina ka samo shi?"

Abdulghani ya karɓi kofin ya fita. Bai yarda ya bi tunanin har ƙarshe ba. Rabin gidajen Jidda suna turara ruwa, ya ce wa kansa, wa ya sani ko matar mai dafa sadiƙin ce ta turara tulu bisa sabo. Ya biya markaz ya leƙa Husaini.

"Alhaji, in an ce ka sa hayaƙi a abin sha, yaya za ka yi?"

Tsohon ya dube shi kamar ya zautu.

"Hayaƙi? Ai abin da hayaƙi ya kama ya ɓaci, zubarwa ake yi. Ruwan mutanen garin nan ma da suke turarawa, shekara nawa ina nan, har yau ba ya wuce min maƙogwaro. A famfo nake ɗiban nawa."

"Ka taɓa jin hawaja na cewa akwai hayaƙi a giyar?"

"Ina zan ji? Kicin ɗina a bayan gida yake. Abinci daga taga nake miƙa wa Rafi'u."

Da safe Mulazim ya ce ya gama rubuta rahoto, jibi za a kai kukun gaban alƙali. Abdulghani ya ɗauki sharbar ya nufi Ammariyya, yana tafe yana fatan kada ya sami abin da ya je nema. Kamfanin ya rufe gidan Baghdadiyya, don haka Rafi'u na gida, yana can kan soro wajen tantabarunsa. Inna tana hura gawayi.

"Inna, mustakar nan taki mai kyau ce. Ki ɗan sam min in kai gida."

"Sam maka? Je ka tambayi ɗan'uwanka inda ta tafi. Juma'ar da ta wuce waccan ya shigo min da wata ƙatuwar kwalba mai rigar kaba, wai hawajansa na son ya ɗanɗana ruwa irin namu. Na turara, ya toshe baki, ya ce in ƙara. Na ƙara, ya ce in sake. Har cikinta ya yi fari ba ka ganin gindi. Na ce wannan Bature ruwa zai sha ko kuwa aljanu zai kora?" Ta yi dariya. "Amma fa na iya. Ko a Makka ba za a turara masa kamar haka ba."

Abdulghani ya ajiye sharbar a kan taga a hankali. Da za a tsaga shi a lokacin ba za a sami jini ba. Ya hau matakala.

Rafi'u na tsugune yana watsa wa tantabaru dawa. Ya waiwayo da fara'a.

"Ahlan, Yaya. Yaya tsohon? Wallahi ya ba ni tausayi."

"Jibi za a kai shi gaban alƙali."

"La haula."

"Ina kwalbar da Inna ta turara maka?"

Dawar ta ci gaba da zuba daga hannun Rafi'u, ba watsawa yake ba, sakinta kawai ya yi.

"Wace kwalba?"

"Zauna ka ji, ya akhi, sau ɗaya zan faɗa." Abdulghani ya jingina da katangar soron. "Wanda ya musanya giyar nan ya san abu uku: launinta, zaƙinta, da cewa akwai hayaƙi a ciki. Launi da zaƙi duk wanda ya zuƙe ta zai gani. Hayaƙin kuwa a tebur aka yi ta faɗarsa, da Turanci. Husaini ba ya shiga ɗakin cin abinci. Idris ya bi kofuna ya lashe, yana can asibiti ana neman ceto masa ido, ka ga bai san an musanya ta ba. Mutum ɗaya ne ke tsaye bayan kujerar hawaja kullum, kuma yana jin Turanci. Ya ji an ce dole a ji hayaƙi, bai taɓa kai abin bakinsa ba balle ya san wane iri ne. Sai ya yi abin da uwarsa ke yi in ana son hayaƙi a abin sha, ya sa aka turara kwalba ya zuba sadiƙin a ciki. Ranar Juma'a mabuɗi na rataye a ƙusa, tsoho na masallaci, kaskon sukari na kan murhu. Na kai wa hawaja ruwan sharbar Inna, ya gane shi da kurɓa ɗaya."

Tantabaru suka yi ta cin dawarsu a tsakanin ƙafafunsu.

"Ban san da sibirtu ba," in ji Rafi'u a ƙarshe. "Wallahil azim ban sani ba. Mai sadiƙin ya ce min mai kyau ce. Na ɗauka za su sha su yi surutunsu su kwanta, kamar kullum."

"Na yarda. Ina na gaskiyar?"

"Wani mai hanya na kai wa. Ya ce akwai wanda in ya sami irinta zai fitar min da tabi'iyya, takardar zama ɗan ƙasa." Ya ɗago, idanunsa sun kaɗa. "Kai babanka ya je ya yi rajista lokacin da ake yi, ka zama ɗan ƙasa, ka sa kaki. Nawa ya ce shi baƙon Allah ne, ba ruwansa da takarda, ya mutu ya bar ni haka. A ɗakin nan na ƙasa aka haife ni, Yaya, amma in na hango motarku a titi sai in shige lungu. Ka san wannan?"

Abdulghani ya sani, kuma ya daɗe da sani, bai taɓa yin komai a kai ba. Wannan ya fi komai ci masa rai.

"Takardar ta fito?"

"Tun ranar Asabar ban sake ganin mutumin ba."

"Kana tsaye a baranda aka wuce da tsohon nan ba takalmi."

"Na ce ko za su kore shi ƙasarsu kawai." Rafi'u ya kamo hannun rigarsa. "Yaya, ba wanda ya san maganar kwalbar nan sai ni da kai. Ka yi shiru kawai. Ba na ce ka yi ƙarya ba, shiru kawai. Don nonon da muka sha."

Abdulghani ya so ya yi shirun. Allah ya sani ya so. Ya duba ta kan katanga, ga Inna can ƙasa tana fifita garwashi tana 'yar waƙarta.

"In na yi shiru, takobi ne a wuyan Husaini," ya ce. "In kai ka faɗa da bakinka, ka nuna mai sadiƙin da mai hanyar, kisan kuskure ne, kurkuku ne da bulala, wataƙila su tura ka ƙasar da ba ka taɓa gani ba, amma da ranka. In kuma ka ƙi, dole in kawo shaida, shaidata kuwa ita ce Inna. Za a zaunar da ita gaban alƙali ta faɗi yadda ta turara kwalbar da hannunta. Zaɓi ɗaya."

Rafi'u ya saki rigar. Ya share fuska da gefen jallabiya, ya juye sauran dawar a kasko, ya rufe ɗakin tantabarun.

Da suka sauko Inna ta ɗago kai.

"Ina kuma za ku da rana haka? Na ɗora shinkafa da kaza, ku dawo kafin ta huce."

"To, Inna," in ji Rafi'u. Ya tsaya kamar zai ƙara wani abu, sai ya sa takalmi ya yi gaba.

Mulazim Sa'ad bai ji daɗin yaga rahotonsa ba, amma da Rafi'u ya gama magana, aka tura mota bayan gari ta dawo da mai sadiƙin da gwangwanayen sibirtu, dole ya yaga shi. Maganar mustaka ta ba shi dariya, ya ce shi ma haka ake yi a gidansu. Abdulghani bai taya shi ba. Sunan Inna Dela bai shiga takarda ba. Game da iƙamar Husaini, Makfel ya aiko daga gadon asibiti cewa kamfani zai tsaya masa.

Bayan azahar aka buɗe wa tsohon ƙofa. Ya fito yana kare ido daga rana, yana jinjina kai. Barakatu ta taso daga gindin katanga har faifan gyaɗarta ya kife, ba ta ko waiwaye shi ba. Ta dubi mijinta sama da ƙasa ta tabbata shi ne, sannan ta juyo ta durƙusa gaban Abdulghani. Ba ta san wa aka kama ba, ba ta tambaya ba.

"Ɗan nan, ba ni da abin ba ka. Allah ya yi maka albarka. Allah ya saka wa uwar da ta shayar da kai, ya faranta mata yadda ka faranta min yau."

"Amin, Hajiya," in ji Abdulghani.

Ya tsaya har suka sha kwana, tsohon na tafe a hankali a kan kwalta mai zafi, matar na riƙe da gefen rigarsa. Sannan ya gyara hularsa ya kama hanyar Ammariyya shi kaɗai, inda Inna ta rufe abincin mutum biyu tana jira.